Tarihin Shirye-shiryen Fodkas Kan Kisan Ɗaliban Jami'a a Amurka

Fodkas shiri ne na murya da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mai sauraro ya sauke shi a wayarsa ya ji a lokacin da ya ga dama, ko yana tuƙi ko yana wanke-wanke. A Amurka, inda wannan sana'a ta fi bunƙasa, babu fannin da ya kai labarun laifukan gaske farin jini. Cibiyar bincike ta Pew ta duba shirye-shirye 451 da suka fi karɓuwa, ta kuma bayyana a 2023 cewa kashi 24 cikin ɗari na labarun laifi ne, fiye da siyasa ko wasanni. A cikin wannan fanni akwai wani reshe da ya yi fice, wato shirye-shiryen da ke bin kisa ko ɓatan ɗaliban jami'a. Na'urar sabuwa ce, amma sana'ar ba da labarun laifi ta girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Tun a ƙarni na 17 limaman kirista na yankin arewa maso gabashin Amurka suke yin wa'azi a ranar da za a rataye mai laifi, daga baya a buga wa'azin a sayar. A 1699 Cotton Mather ya tattara irin waɗannan labarai a littafi guda. A Ingila kuma akwai tarin tarihin fursunonin kurkukun Newgate, wanda iyaye ke ajiyewa a gida don tsoratar da yara. A wancan zamani mai laifi shi ne jigon labari, abin da ake son ji kuwa shi ne tubarsa kafin igiya ta shiga wuya. Jaridun kwabo-kwabo na birnin New York ne suka sauya wannan salo. Da aka kashe wata matashiya, Helen Jewett, a 1836, mai jaridar New York Herald, James Gordon Bennett, ya je gidan da aka kashe ta da kansa ya bayyana ɗakin da gawar dalla-dalla. Daga nan aka daina tambayar ko mai laifi ya tuba, aka koma tambayar wane ne ya yi, kuma mai karatu ya fara jin cewa shi ma yana da ta cewa.

Jami'a ta shigo wannan kasuwa da wuri. A 1849 wani malamin ilimin sinadarai a kwalejin likitanci ta Harvard, John Webster, ya kashe George Parkman, attajirin da ke binsa bashi, ya ɓoye sassan jikinsa a ɗakin gwaje-gwaje. Jama'a sun yi ta tururuwa zuwa kotun har sai da aka riƙa shigar da su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi 'yan mintuna ya fita. An rataye Webster a 1850. Sai kuma 1924, lokacin da wasu ɗalibai biyu 'ya'yan masu hali a Shikago, Nathan Leopold da Richard Loeb, suka sace wani yaro ɗan shekara 14 suka kashe shi don kawai su nuna cewa sun fi ƙarfin a kama su. A shekarar ce kuma mujallar True Detective ta fara fitowa. Abin da ya ja hankalin jama'a a shari'o'in biyu ɗaya ne: an ga jini a wurin da ake zaton ilimi da tarbiyya sun kore shi. Rediyo ya karɓa a tsakiyar shekarun 1930 da shirin Gang Busters, wanda ke ƙarewa da siffanta mutanen da 'yan sanda ke nema ruwa a jallo, tare da roƙon masu sauraro su buɗe ido.

Har zuwa wannan lokaci ɗalibi ko malami ya fi fitowa a matsayin wanda ya yi kisan. Ɗaliba a matsayin wadda aka kashe ta zama jigon labari ne daga ƙarshen shekarun 1960, kuma akwai dalili. Jami'o'in Amurka sun daɗe suna riƙe ɗalibai a matsayin amanar iyaye, da dokar lokacin rufe ƙofa da mai tsaron ɗakin kwanan mata. Kotuna sun fara rushe wannan iko daga 1961, zanga-zangar ɗalibai ta ƙarasa sauran. A daidai lokacin ne yawan mata a jami'a ya ƙaru ƙwarai. Sai aka wayi gari ƙananan garuruwa sun cika da dubban matasa da suka baro gida karon farko, suna zama a gidajen haya, suna tsayar da motar da ba su sani ba don a rage musu hanya. Tsakanin 1967 da 1969 an kashe 'yan mata da dama a kewayen garuruwan Ypsilanti da Ann Arbor a jihar Mishigan, aka kuma ɗaure wani ɗalibi, John Norman Collins, kan kisan ɗaya daga cikinsu. An daɗe ana jingina masa sauran. Sai a 2005 gwajin DNA ya sa aka ɗaure wani mutum daban kan kisan Jane Mixer, ɗalibar lauya da aka kashe a 1969. Shekara talatin da shida kowa na ganin ya san amsa.

Wanda ya kafa hoton da har yau masu shirye-shirye ke komawa gare shi shi ne Ted Bundy. Ya fara farautar ɗalibai mata a jihar Washington a 1974, shi kansa kuma ya yi karatun lauya na ɗan lokaci. Daren 15 ga Janairu 1978, bayan ya tsere daga tsare, ya shiga gidan ƙungiyar ɗalibai mata ta Chi Omega a Jami'ar Jihar Fulorida, ya kashe Lisa Levy da Margaret Bowman, ya ji wa wasu biyu munanan raunuka. An haska shari'arsa ta 1979 a talabijin a faɗin ƙasar, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1980 Ann Rule, tsohuwar 'yar sanda da ta taɓa aiki kafaɗa da kafaɗa da shi a wata cibiyar amsa kiran masu damuwa a Seattle, ta fitar da littafinta The Stranger Beside Me. Muryar wannan littafi, ta mace mai ba da labari kamar tana gargaɗin ƙawarta, ita ce kakar muryar fodkas na yau. An kashe Bundy a kujerar lantarki a Janairun 1989, ɗaruruwan mutane suka taru a wajen kurkukun suna murna. Ba a yi shekara biyu ba, a Agustan 1990, Danny Rolling ya kashe ɗalibai biyar cikin 'yan kwanaki a garin Gainesville, shi ma a Fulorida, iyaye suka yi ta zuwa suna kwashe 'ya'yansu.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya fi wannan tasiri a doka. A Afrilun 1986 wani ɗalibi ya shiga ɗakin Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a Jami'ar Lehigh ta jihar Pennsylvania, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Ya samu shiga ne saboda an tokare ƙofofin ginin da ya kamata su kasance a kulle. Iyayenta suka gano cewa an yi manyan laifuka 38 a jami'ar cikin shekaru uku kafin nan ba tare da an sanar da kowa ba. Suka sa jami'ar a gaba, suka kuma yi ta fafutuka har majalisar ƙasar ta yi doka a 1990, wadda yanzu ake kira da sunan 'yarsu. Dokar ta tilasta wa duk jami'ar da ke cin gajiyar kuɗin gwamnatin tarayya ta buga alƙaluman laifukan da aka yi a harabarta kowace shekara, ta kuma gargaɗi ɗalibai idan akwai haɗari. Hakan bai hana rufa-rufa ba. A 2006 aka tsinci gawar wata ɗaliba a ɗakinta a Jami'ar Gabashin Mishigan, hukumar jami'ar ta ce babu alamar an yi mata wani abu, alhali 'yan sanda na binciken kisa. Shugaban jami'ar ya rasa kujerarsa, aka kuma ci jami'ar tarar dala 350,000. Wannan ne ya bai wa labarin kisan ɗalibi wani sinadari da sauran labarun kisa ba su da shi, wato hukuma mai suna da take gudun ya ɓaci, mai 'yan sandanta na kanta waɗanda aikinsu na yau da kullum bai wuce rabon faɗa da satar keke ba. Kusan duk wani fodkas mai nauyi a wannan reshe yana da babi guda kan kwanakin farko da aka ɓata.

Kalmar fodkas ta fara bayyana ne a jaridar Guardian ta Ingila a Fabrairun 2004, kamfanin Apple kuma ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes a 2005. Shekara goma abin bai wuce na 'yan ƙwaƙwa ba. A 2014 abubuwa biyu suka haɗu: manhajar sauraron fodkas ta fara zuwa a cikin wayar iPhone tun daga kanti, sannan a watan Oktoba aka fara shirin Serial. Sarah Koenig, 'yar jarida daga shirin rediyo na This American Life, ta ɗauki kashi 12 tana bin kisan Hae Min Lee, ɗalibar sakandare a Baltimore da aka kashe a Janairun 1999, da kuma ɗaurin da aka yi wa tsohon saurayinta, Adnan Syed. Ba ɗalibar jami'a ba ce, amma tsarin da kowa ya kwaikwaya daga nan ya fito: labari guda a kashi da yawa, hira ta waya da fursuna, tsofaffin faifan tambayoyin 'yan sanda, da mai gabatarwa da ke faɗa wa mai sauraro shakkunta a fili. Shirin ya fi kowane fodkas saurin kai wa saukewa miliyan 5 a iTunes, ya kuma samu lambar yabo ta Peabody. Dubban masu sauraro suka koma shafin Reddit suna zana taswira, suna auna mintunan tafiya daga makaranta zuwa wani wurin ajiye motoci da aka ambata a shari'ar. Shari'ar kanta ta ci gaba da jujjuyawa: an soke hukuncin Syed a Satumban 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da shi a 2023 saboda ba a bai wa dangin yarinyar isasshen lokacin halarta ba, a 2025 kuma wata alƙaliya ta bar hukuncin amma ta ce zaman da ya yi ya wadatar. Ɗan'uwan marigayiyar ya shaida wa kotu cewa abin da wasu ke ji a matsayin shiri, su rayuwarsu ce.

Bayan Serial sana'ar ta rabu gida biyu, kuma kuskure ne a haɗa su a ma'auni ɗaya. Gida na farko shi ne na hira: mutum biyu, galibi mata, su zauna su ba da labarin kisa guda a kowane mako daga abin da suka karanta. My Favorite Murder na Karen Kilgariff da Georgia Hardstark ya fara a 2016, yana haɗa labarin kisa da barkwanci. Crime Junkie na Ashley Flowers ya biyo baya a Disambar 2017, ya zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka fi saurara a ƙasar. Irin waɗannan ba su cika zuwa inda abin ya faru ba. A 2019 wata 'yar jarida daga jihar Arkansas ta zargi Crime Junkie da kwashe aikinta ba tare da ambaton sunanta ba, masu shirin suka sauke wasu kashi-kashi na ɗan lokaci. A wannan gida labarin Bundy da na Gainesville ba sa tsufa, ana maimaita su kamar tatsuniya. Gida na biyu shi ne na bincike, inda mutum ke ɗaukar shari'a guda ya shekara yana bin ta.

A 2016 jaridar Cincinnati Enquirer ta fitar da Accused, wanda Amber Hunt da Amanda Rossmann suka shirya kan Elizabeth Andes, wadda aka kashe a ɗakinta a garin Oxford na jihar Ohio a Disambar 1978, kwanaki kaɗan bayan ta kammala jami'a. 'Yan sanda sun tsare saurayinta suna masa tambayoyi har ya amsa laifi, daga baya ya janye. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi, amma 'yan sanda suka tsaya kan cewa shi ne, ba su nemi kowa ba. Shirin ya nuna cewa akwai wasu mutane da ba a taɓa bincika da kyau ba, kuma kayan shaidar sun salwanta. Ba a kama kowa ba sakamakon shirin, amma aikin jarida ne na gaske, mai edita da lauya a bayansa.

Misalin da masu kare wannan sana'a ke fara ambata shi ne na Kristin Smart. Tana da shekara 19, a shekararta ta farko a jami'ar Cal Poly da ke San Luis Obispo a Kalifoniya, ta ɓace da asubahin 25 ga Mayu 1996 a hanyarta ta dawowa daga wani biki. Wanda aka gani da ita na ƙarshe wani ɗalibi ne, Paul Flores. Abin ya faɗo a ƙarshen mako mai hutu, 'yan sandan jami'a suka ɗauka ta yi tafiya ne ba ta faɗa wa kowa ba. Kafin a binciki ɗakin Flores ɗalibai sun tafi hutu, an share ɗakunan. Karnukan da aka horar don gano gawa sun tsaya a ɗakin nasa, amma ba a samu abin kai shi kotu ba. Jihar Kalifoniya ta yi doka da sunanta a 1998, wadda ta wajabta wa jami'o'i yarjejeniya da 'yan sandan gari kan wanda zai binciki manyan laifuka, kotu kuma ta ayyana ta a matsayin matacciya a 2002. Daga nan magana ta kwanta, sai wani allon talla mai hotonta da ya rage a bakin hanya a garin Arroyo Grande.

Chris Lambert mawaƙi ne ɗan yankin, ba ɗan jarida ba, wanda ya girma yana wuce wannan allo. A 2019 ya fara shirin Your Own Backyard. Abin da ya bambanta shi da 'yan sanda ba wayo ba ne, lokaci ne da kuma yadda mutane ke sakin jiki da shi. Waɗanda suka ji wata magana shekara ashirin da suka wuce, suka yi shiru don suna ganin ba ta da muhimmanci ko suna tsoron shiga ofishin 'yan sanda, sai suka riƙa kiransa. Mata da suka yi mu'amala da Flores bayan 1996 su ma suka yi magana. Lambert ya riƙa miƙa abin da ya samu ga masu bincike, wani lokaci ya riƙe labari bai fitar ba don kada ya ɓata musu aiki. A Afrilun 2021 aka kama Flores da mahaifinsa, shugaban 'yan sandan gundumar, Ian Parkinson, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa shirin ya kawo shaidun da ba su taɓa ji daga gare su ba. Saboda yawan surutu a yankin sai aka mayar da shari'ar gundumar Monterey. A Oktoban 2022 aka samu Flores da laifin kisa, aka wanke mahaifin daga zargin taya shi ɓoye gawa, a Maris na 2023 kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai. An yi wannan hukunci ba tare da an ga gawar ba.

Shari'ar Maura Murray ta nuna ɗaya fuskar. Ɗalibar aikin jinya ce a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Ranar 9 ga Fabrairu 2004 motarta ta zame a kan wata hanyar ƙauye a jihar New Hampshire, kafin 'yan sanda su iso ta ɓace. Wannan ya faru ne kwanaki kaɗan bayan an buɗe Facebook, shi ya sa ake yawan cewa da ita zamanin masu binciken intanet ya soma. An fara fodkas ɗin Missing Maura Murray a 2015, ya yi ta fitar da kashi bayan kashi. Inda babu gawa, babu wanda ake tuhuma, babu sabuwar shaida, abin da ke cika sa'o'in shiri shi ne zato. An tone sirrin yarinyar da na danginta, an zargi mahaifinta, an zargi maƙwabtan wurin da motar ta tsaya, aka kuma ce ta gudu Kanada. Ba ko ɗaya da ya tabbata.

Wannan haɗari ba sabo ba ne. A 2013, bayan harin bam na gasar gudu a Boston, masu bincike na sa-kai a Reddit sun nuna yatsa ga wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya ɓace, danginsa suka sha zagi da barazana, daga baya aka gano ya riga ya rasu tun kafin harin. A Italiya kuma, bayan kisan Meredith Kercher, ɗaliba 'yar Ingila, a Perugia a Nuwambar 2007, jaridu sun shekara suna zana ƙawar ɗakinta Amanda Knox a matsayin shaiɗaniya, har kotun ƙolin ƙasar ta wanke ta a 2015. Wanda aka tabbatar wa laifin, Rudy Guede, kaɗan ne ke tuna sunansa, ita kuma marigayiyar sunanta ya kusa ɓacewa daga labarin mutuwarta. Knox daga baya ta zama mai gabatar da fodkas, tana sukar yadda ake ba da irin waɗannan labarai.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ta tsaya ne kan talla da mai shiri ke karantawa da bakinsa, da kuɗin wata-wata na magoya baya, da sayar da riguna, da taron kai-tsaye a manyan ɗakuna. Tun 2017 ake yin taron shekara-shekara na CrimeCon, inda masu sauraro ke sayen tikiti su ga masu shirye-shirye da tsofaffin 'yan sanda, wani lokaci har da dangin waɗanda aka kashe. A 2020 jaridar New York Times ta sayi kamfanin da ke yin Serial a kan kimanin dala miliyan 25. Binciken Pew ya nuna cewa a cikin masu sauraron fodkas, kashi 44 cikin ɗari na mata ne ke bin labarun laifi a kai a kai, maza kuwa kashi 23. Da yawa daga matan kan ce suna koyon yadda za su kare kansu ne. Kamfanonin sayar da makulli da ƙararrawar tsaron gida sun fahimci haka, suna daga cikin masu yawan talla a waɗannan shirye-shirye.

Kasuwa kuma ita ke zaɓar gawar da za a yi wa kuka. A 2004 'yar jarida Gwen Ifill ta yi shaguɓe kan yadda kafofin labarai ke rikicewa idan farar mace ce ta ɓace, su yi gum idan baƙa ce ko 'yar asalin ƙasar. Ɗalibar jami'a fara, kyakkyawa, 'yar gidan rufin asiri, ita ce cikakkiyar siffar wadda ake so. Faith Hedgepeth, 'yar ƙabilar Haliwa-Saponi da ke karatu a Jami'ar North Carolina, an kashe ta a 2012, sai a 2021 aka kama wani ta hanyar DNA, kuma labarinta bai taɓa samun kwatankwacin wannan kulawa ba. Akwai wata karkata kuma: labaran sun fi son baƙon da ya shigo ta taga, alhali matan da ake kashewa a Amurka galibinsu wanda suka sani ne ke kashe su. Lauren McCluskey ta Jami'ar Utah ta yi ta kai ƙarar tsohon saurayinta wurin 'yan sandan jami'a kafin ya harbe ta a Oktoban 2018. Jami'ar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 13.5 a 2020.

Duk waɗannan igiyoyi sun haɗu a garin Mosko na jihar Idaho, ƙaramin gari mai mutum kusan 25,000 da ba shi da alaƙa da babban birnin Rasha sai suna. Da asubahin 13 ga Nuwamba 2022 aka daɓa wa ɗalibai huɗu wuƙa har lahira a gidan haya kusa da Jami'ar Idaho: Kaylee Goncalves, Madison Mogen, Xana Kernodle da Ethan Chapin. A nan ba tsohuwar shari'a ba ce da ta kwanta, bincike ne da ke gudana, 'yan sanda kuma sun kama bakinsu kusan mako bakwai. Wannan shiru masu fodkas da YouTube da TikTok suka cike. An zargi 'yan matan biyu da suka tsira a gidan, an zargi tsohon saurayin ɗaya daga cikin mamatan, an zargi wani saurayi da kyamara ta ɗauka kusa da motar sayar da abinci. Wata 'yar duba da kati a TikTok ta ce wata malamar jami'ar ce ta sa aka yi kisan. Malamar ta kai ƙara, a 2024 kotu ta yanke cewa ɓata suna ne. 'Yan sandan garin sai da suka ware wani sashe a shafinsu don ƙaryata jita-jita.

Ranar 30 ga Disamba 2022 aka kama Bryan Kohberger a gidan iyayensa a Pennsylvania. Ɗalibin digiri na uku ne a fannin nazarin laifuka a Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman, 'yar tafiya kaɗan daga Mosko. Abin da ya kai ga shi DNA ne a jikin kuben wuƙa da aka bari a ɗakin, da hotunan wata farar mota ƙirar Hyundai Elantra, da bayanan wayarsa. Babu wani mai binciken intanet da ya taɓa ambaton sunansa. Kotu ta hana lauyoyi da 'yan sanda magana da kafofin labarai, amma shirye-shirye suka ci gaba da fitowa, har da The King Road Killings na gidan talabijin na ABC. An rushe gidan a Disambar 2023, aka mayar da shari'ar birnin Boise. Ana saura 'yan makonni a fara ta, ranar 2 ga Yuli 2025, Kohberger ya amsa laifinsa bisa sharaɗin ba za a yanke masa hukuncin kisa ba. Dangin mamatan sun rabu kan wannan yarjejeniya, iyalan Goncalves suka yi tir da ita. Ranar 23 ga Yuli aka yanke masa ɗaurin rai da rai sau huɗu. Da alƙali ya ba shi damar magana sai ya ƙi, bai faɗi dalilin kisan ba.

Sabon abin da ya bayyana a 'yan shekarun nan shi ne dangi su ɗauki makirufo da kansu. A 2024, shekara ashirin cif da ɓatan Maura Murray, yayarta Julie ta fitar da nata shirin, Media Pressure. A ciki ta sa mahaifinsu da 'yan'uwa da ƙawayen makaranta suka yi magana, ta ba da tarihin ƙanwarta tun daga wasan tsere a sakandare da zamanta a makarantar sojoji ta West Point, ta kuma bi jita-jitar da aka yi ta yaɗawa a kan iyalin ɗaya bayan ɗaya. Hukumomin New Hampshire suna ci gaba da riƙe fayil ɗin a buɗe.